Babbar Riga a Kan Sabon Babur

Da na sayar da waken suyana na sayi sabon babur, sai na sanar wa duk unguwa cewa ni kaɗai zan tuƙa shi daga Malumfashi har Kaduna, wajen sunan ɗan ƙanwata. Ko ledar kujera ban cire ba. Na zumbula babbar rigata ta shadda mai aiki.

Matata ta ce, "Malam, ka ninke rigar nan a jaka mana, in ka isa ka sa."

Na ce, "So kike a ɗauke ni ɗan acaɓa?"

Tun kafin Funtua mutane ke ta ɗago mini hannu. Masu shanyar masara a bakin titi, direbobi, har wata tsohuwa da itace a ka. Na ce a raina, lallai mutanenmu sun san abu mai kyau. Ina ta mayar musu da gaisuwa kamar ɗan takara.

Ashe rigar suke nuna mini, gefenta na jan ƙasa. Ina fita Funtua sarƙar babur ta cafke ta, ta nannaɗe, ta fizgo ni baya har hulata ta faɗa gonar dawa. Bakaniken da aka kirawo ya duba, ya ce, "Alhaji, ko rigar ko babur ɗin." Sannan ya zaro reza.

Da rabin riga na shiga taron sunan, kuma akwai hotuna.

Har yau in na tayar da babur, mai shayin unguwarmu yakan miƙe cikin ladabi ya ce, "Malam, za a tattara ne, ko a kawo reza?"