Barista Ba Ya Roƙon Beli

Allah Ya albarkaci ƙasar Mafara da ruwa, da shinkafa, da kuma Barista Mubashir. Daga Bakura har Maradun hotonsa na manne a kowane turken lantarki, har inda wutar ba ta taɓa zuwa ba. Lauya ne mai gyaran ƙasa. Ba ya karɓar ko sisi daga talaka; shari'arsa kawai yake karɓa, kuma ba ya mayarwa. Ma'aikatan kotu na kiransa Barista Sai-Ƙoli, domin bai taɓa ganin ƙarar da ta cancanci ta ƙare a ƙaramar kotu ba.

Malam Arzika, tsohon malamin gona a Dakko, yana cikin waɗanda wannan alheri ya faɗa wa. An tsare ɗansa Surajo bayan wata hatsaniya kan buɗe ruwan noman rani. Yaron yana da sikila.

Ran Talatar da za a kai yaron kotu, bayan asuba, uwarsa Kubura ta dama fura ta ce a kai masa. Da hantsi Malam Arzika yana bakin kotu, tare da liman wanda ya yarda ya tsaya wa Surajo. Kowa ya san in an nemi beli za a bayar. Gab da azahar Barista ya iso, mai ɗaukar hoto na gaba, shi yana baya.

"Ranka shi daɗe, a roƙa muna beli," in ji Malam Arzika. "Yaron ga sanyin siminti ba ya yi mai daɗi."

Barista ya dafa kafaɗarsa, ya juya inda hasken ya fi kyau.

"Baba, beli roƙo ne, ni kuwa ba maroƙi ba ne. In Surajo ya fita yau, mutum guda muka ceta. In ya ƙara haƙuri, da shari'arsa zan rushe wannan tsarin tsare mutane baki ɗaya. Sunan ɗanka zai shiga littattafan lauyoyi!"

A cikin kotu ya yi jawabi mai daɗi ƙwarai. Ya ambaci tsarin mulki, ya ambaci Indiya, ya ambaci kansa. Beli ne kaɗai bai ambata ba. Alƙali ya ɗage zama. Da la'asar ana jin muryar Barista a rediyo, Malam Arzika kuwa yana kan babur da kwanon fura wanda ba a bari ya miƙa ba.

Ran Juma'a aka kira shi ya zo ya ɗauki gawa.

A zaman makoki ba wanda ya kai Barista kuka. Har sai da uban mamacin ya ba shi haƙuri. Kafin arba'in an buɗe Gidauniyar Surajo a Talata Mafara. Kafin shekara Barista yana majalisa, yana shirya dokar da za ta hana irin wannan zalunci, wanda ya ce har yau bai gano ko laifin wa ne ba.

Kubura ba ta nemi doka ba. Kayan da yaron ya shiga kurkuku da su take so, waɗanda Barista ya karɓo a matsayinsa na lauya. Ta ce ko sau ɗaya ta riƙe su, sannan a bayar sadaka.

Malam Arzika ya je ofishin gidauniya. A cikin akwatin gilashi ya ga wata yagaggiyar riga da silifa ɗaure da waya, an rubuta sunan ɗansa a ƙasa. Ya daɗe yana dubawa.

"Waɗanga ba na Surajo ba ne."

"Baba, ka fahimci gwagwarmaya," in ji Barista cikin tausasawa. "Kayan ɗanka sun yi kyau da yawa. Wa zai ji tausayin mai shadda da takalmi sau-ciki? Waɗannan sun fi faɗin gaskiya."

"To, nashi suna ina?"

Barista ya ce za a kafa kwamiti.

Ba a kai ga kwamitin ba. A bakin ƙofa direban Barista yana goge mota cikin shadda ruwan toka wadda ta ɗame shi a kafaɗa. Takalman ma sun yi masa kaɗan, shi ya sa ya take bayansu.