Ƙofar da Ta Tayar wa Alhaji Uzairu Hankali

Lokacin da fim ɗin kaset yake sabon yayi a garin nan, mu 'yan harkar muka ce gara mu tace kanmu da kanmu kafin hukuma ta shigo mana da almakashi. Muka kafa kwamiti, muka ɗora Alhaji Uzairu mai shagon hayar kaset a kan kujera, don shi kaɗai ne mai furfura a cikinmu, kuma bidiyonsa ba ya cin zaren kaset. In bai buga hatimi ba, babu dillalin kaset da zai karɓi fim ɗinka. Ni da na bar makaranta a aji biyu saboda malamai sun rasa abin da za su ƙara mini, ni na fara kai masa aiki.

A fim ɗin akwai inda jiri ya ɗebi matar gida, Shafa'atu, mijinta Sagiru ya tare ta. Alhaji ya ce a gaske ba muharraminta ba ne, a sake. Na sake: ta yanke jiki ta faɗi tim, Sagiru na gefe ya harɗe hannu yana salati. Alhaji ya ce wannan koya wa maza rashin imani ne. Na sa ta faɗa kan katifa, ya ce me katifa take yi a gaban namiji. Na sa ta suma a tsaye, ya ce an raina wa 'yan kallo hankali. Kafin in ƙara shiri an ɗaura wa Shafa'atu aure na gaske, angon ya rantse ko hoton fasfo ba za ta sake ɗauka ba. Ga salla ta matso, lokacin da kaset ke tafiya kamar ƙosai.

Sai na wuce gidan kakata, na kafa kyamara a gaban ɗakin da take ajiye buhunan gyaɗa, na ɗauki ƙofar a rufe, na liƙa a gurbin suman. Ba mutum, ba magana, ba kiɗa.

Alhaji ya zuba wa ƙofar ido. Ya gyara zama, ya ture hula ƙeya, ya soma sharce gumi. Can ya ce a tsayar.

"Gambo, ashe rashin kunyarka ta kai nan? Wannan ai ya fi na baya muni."

Na ce, "Ƙofa ce fa, Alhaji."

"Na ga ƙofa. Namiji da mace, a rufe, shiru haka? Ni yaro ne? Na san abin da ake yi a ciki sarai, kuma wallahi ba zan sa masa hatimi ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai nawa fim ɗin a bakin ƙofa ya tsaya. Na cikin ɗakin naka ne, sai ka kawo wa kwamiti mu tace maka."