Teku a Cikin Kwalba

Kowane gari da abin da Allah ya ba shi. Mu a Madawa, ban da albasa, Allah ya ba mu Mushe Alƙasim, wato Malam Alƙasim da Faransanci, mutum ɗaya tilo a unguwarmu da ya ga teku da idonsa. Kada wani ya kawo zancen direbobin da ke kai kaya Kwatano duk wata. Su ganin jahilci suka yi masa, ta tagar mota. Mushe da ilimi ya gan shi, kuma shi da kansa ya bayyana mana bambancin.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin gwamnati, kuma ba ƙaramin aiki ba: shi ne mai duba ma'aunin ruwan sama. In an yi ruwa sai ya fito da farar riga, ya leƙa gwangwanin, ya rubuta lamba. In ba a yi ba, wanda shi ya fi yawa, sai ya rubuta sifili da kyakkyawan hannu. Mutane suka sa masa suna Milimeta. Bai taɓa son sunan ba. Shi Amiral ya fi so, wato babban hafsan sojan ruwa, sai dai duk faɗin Adar ba a samu mai kiran sa haka ba sai shi.

Shekara ashirin da bakwai ke nan da aka tura shi Kwatano wani kwas na kwana tara. Kwana shida ya yi a aji, biyu ya yi da ciwon ciki. Rana ta tara, kafin mota ta tashi, ya je bakin teku. Ruwan ya zo ya taɓa masa idon sawu, ya koma da takalminsa na hagu. Mushe bai riƙe abin a zuci ba, manya ba sa faɗa a kan takalmi. Ya ciko wata koriyar kwalba da ruwan, ya dawo gida da ita da takalmi ɗaya.

Kwalbar nan ta samu wurin zama a saman kabad, sama da kwanonin matarsa Furera. Duk Juma'a bayan la'asar yakan kawo ta fadarmu ta tsofaffi, gindin dalbejiyar bakin gudoro, wato titin kwalta. Ba a lasa, sai dai a shinshina. Ta bi hannu-hannu, kowa ya kai hanci ya gyaɗa kai. Rabo, tsohon tela, yakan lumshe ido ya ce shi har ƙarnin kifi yake ji. Ba zan ɓoye ba, mu ma mukan ce mun ji, don kada a ce hancinmu na ƙauye ne.

Ranar da ya ajiye aiki, Mushe ya miƙe tsaye a fada, bayan Rabo ya ɗan ja shi, ya yi mana jawabi.

"Jama'a, na gama bauta ma ƙasa. Na auna maku ruwa ɗigo-ɗigo hat tsuhwana, yanzu za ni inda ruwa ba shi da ma'auni. Na samu wani ƙauye bakin teku. Babu gudoro, babu wutar kuran, babu maƙwabci. Ni na gaji da gaisuwa. Mutum shi hito gida nai, kahin shi kai masallaci an tambaye shi lahiya tai sau arba'in. Can sai ni da iska da tunani. Ku zamna nan cikin duwatsu, Allah shi ba ku haƙuri."

Muka ce amin. A waya ya ga ƙauyen, kuma duk lokacin da ya faɗi sunansa sai ya fito daban, amma wannan bai rage masa kyau ba. Abin da ya sa dariyarmu ta tsaya shi ne da muka ji zai sayar da gidan. Har wani ɗan kasuwar albasa ya zo ya auna tsakar gidan da taku, yana kallon ɗakin Furera yana lissafin buhu nawa zai ci. A gidan nan ta yaye 'ya'ya biyar, ita ta dasa lemun da ke bayan ɗaki. Ta tsaya da muciya a hannu tana kallon baƙo yana taka mata tsakar gida.

To, akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da babban tunani bai sauko ya duba ba. Mushe yana da tansiyo, hawan jinin da ya sa likita ya hana shi gishiri shekara huɗu da suka wuce. Mutumin da aka hana ɗan gishirin miya shi ne zai ƙaura bakin tukunyar gishirin duniya. Yana shan ƙwayoyi kala uku, bai san wace ce ta safe ba, shi dai ya san hannun Furera da kofin ruwa. Ga kuma gwiwa. In ya zauna a tabarma, da ya motsa zai tashi sai Furera ta gitta kamar buta ta zo ɗauka, ta miƙa hannu, ya dafa, ya miƙe yana ci gaba da maganarsa. Shekaru ana haka, shi a saninsa da kansa yake tashi.

Gwiwar ma yana da maganinta. Kowace safiya yakan ɗiga ruwan kwalba ya shafa, ya ce da ba don teku ba da tuni ya kwanta. Wata rana Rabo ya yi kasada ya tambaye shi yadda aka yi kwalba ɗaya ta shekara ashirin da bakwai ana shafawa ba ta ƙare ba. Mushe ya dube shi da tausayi.

"Rabo, rashin sani ya hi dare duhu. Halin teku ke nan. Shi janye, shi komo. Ko cikin kwalba ba shi barin hali nai."

Muka ji kunyar jahilcin Rabo.

Furera ba ta yi masa gardama ba. Ta san shi, in aka ce kada ya hau, ranar zai nemi tsani. Ta bari ya gama cin tuwonsa marar gishiri, sannan ta ce, "Amiral, tunda sai an gwada aka sanin na ƙwarai, ga tabki can bayan Tabotaki, inda yayana Takawa ad da gona. Akwai bukka, babu kowa. Ka yi kwana ukku kai ɗai, in ya yi maka daɗi sai a sa hannu ga takardar gida." Wannan ne karo na farko da wani mahaluki ya kira shi Amiral. Ko da cewa ta yi ya kwana a rijiya, da ya amsa.

Ya tafi da farin wando, da malafa, da littafin rubuta tunani, da kwalba a aljihu. Takawa ya kai shi bukkar da hantsi, ya ajiye masa fura da ruwa, ya ce zai leƙo kafin magariba. Mushe ya ce ba sai ya wahala ba.

Wurin ya yi masa. Damina ta cika tabkin, ba kowa sai belbelu. Ya rubuta a littafinsa: "Shiru abincin manya." Ya buɗe ƙunshin magani, ya ga fara da ja da wata fara, ya duba su da kyau, ya mayar ya ƙulle. Da azahar ya shimfiɗa tabarma a bakin ruwa ƙarƙashin wata bagaruwa, ya yi salla a zaune, ya shafa addu'a. Sannan ya motsa zai tashi, ya miƙa hannu sama kamar kullum.

Hannun ya tsaya a iska. Babu wanda ya zo ɗaukar buta.

Ya gwada ta dama, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya gwada ta hagu. Sandarsa tana can jingine a bukka, taku ashirin, ga ta yana gani. Ya tuna da magani, ya fito da kwalba ya ɗiga, ya shafa, ya jira. Ya ƙara. Daga ƙarshe ya juye tekun gaba ɗaya a kan gwiwoyinsa biyu, abin da ya samu shi ne jiƙaƙƙen wando. Inuwar bagaruwa ta gaji da jiran sa ta matsa gaba, ta bar shi a rana. Kansa ya fara sarawa, bai kuma san ko ƙwayar da bai sha ba ce. A nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ba a yi masa jawabi. Ya ga in ya faɗi a nan, sai dai belbelu su yi masa salla.

Mutumin da ya gaji da gaisuwa ya buɗe baki ya yi wa daji sallama. Ya yi ta yi har murya ta dushe. Shanu ne suka fara amsawa, sun zo shan ruwa, suka kewaye shi suna shinshinar malafar. Bayansu wata tsohuwa mai akuyoyi ta iso, wadda ta girme shi da shekara goma ko fiye. Ta dube shi, ta dubi wandon, ta ce, "Sannu, Malam. Tsuhwa ke nan, ba kunya ba ta." Ya so ya bayyana mata cewa ruwan teku ne, amma ya ga bayanin zai yi tsawo. Ta kama shi ta ɗaga. Da yatsunta suka riƙe masa hannu, a daidai inda ake riƙe shi kullum, sai ya gane hannun wa yake dafawa duk shekarun nan, kunya ta rufe shi.

A amalanken Takawa ya fito bakin hanya, washegari yana Madawa. A fada ya ce mana gwajin bai inganta ba, domin tabki ruwan daɗi ne, ba a auna teku da shi. Amma muryar ba ta da ƙarfin da. Abin da ya fi ci masa rai kwalbar ce: tekun ƙarshe na ƙasar Adar ya ƙare a wandonsa.

Da safe yana zaune a tabarma ya ɗaga kai, sai ga kwalba a saman kabad, cike har wuya. Ya daɗe yana kallon ta. A da, da ya ce teku ya komo. Yanzu ya san ya girgiza ta har ɗigon ƙarshe.

"Hurera, mi nika gani haka?"

Ta ajiye masa kofi da farar ƙwaya. "Tekunka na. Na asali ya zube tun shekarar da anka yaye ɗiyarmu Sa'ida, kaza tat ture shi. Na ga za ka yi baƙin ciki, sai nic cika da ruwan randa, nis sa gishiri. In ya yi ƙasa in ƙara."

"Ruwan randa da gishiri," in ji Mushe a hankali.

"Da hwarko. Tun da likita yah hana ka gishiri, shi ma na bar sa shi."

Shekara huɗu ke nan, jama'a, dattawan unguwa guda muna zagaya ruwan randar Furera muna gyaɗa kai. Har yau Rabo yana nan a kan bakansa cewa ya ji ƙarnin kifi, mu kuma ba mu da bakin yi masa dariya.

Furera ta ce mai albasa ya aiko yana tambayar ranar sa hannu. Mushe ya haɗiye ƙwayarsa, ya kalli lemun bayan ɗaki.

"Ki ce mai teku ya janye."

Duk da haka mutunci mutunci ne. Ba a yi wa Amiral irin wannan ya zauna kamar ba a yi ba. Ya ɗaure fuska, ya gyara malafa, ya yunƙura zai fice daga gidan cikin fushi. Ya sake yunƙurawa. Furera tana tsaye tana goge kofi, ba ta da butar ɗauka yau.

"Taho ki tashe ni," ya ce. "Hushi za ni yi."