Ranar Da Na Ba Rago Amfanin Gonar Poroje

Ba zan taɓa mantawa ba da satina na biyu a wani poroje, wato shirin bunƙasa noma, a Tawa, shekarun nan na yajin aiki, lokacin da mai aiki ke riƙe shi da hannu da haƙori. Shugabarmu, Madam Hadiza, ta ba ni irin turnasol, furen nan mai bin rana, da faranti shida. Biyu rairai, biyu taki, biyu tsumman buhu. Rabi in yayyafa masu ruwa ta sama, rabi in zuba ta ƙasa, a ga wanda zai fi. Ta fara bayani, na katse ta: "Madam, a kunyar gona aka haife ni." (Ƙarya ce, a asibiti ne.) Ta tafi Yamai.

Kwana takwas, tsiro ya fito cunkus kamar gashin kai. Na ce wane jahili ke barin shuka haka? Na zauna na rage shi yadda ake rage gero, uku-uku a kowane faranti. Abin da na cire na zuba wa ragon maƙwabci, har ya so ya biyo ni gida.

Ashe ɗanyen tsiron shi ne amfanin. Yankawa ake yi a ci kamar salati.

Washegari Madam ta iso da mata ashirin daga Bambeye, kowace da kwanon ɗanɗano. Na yaye rufi ina ƙoƙarin ƙame murmushi. Tsiro goma sha takwas, tsaye kamar 'yan gadi.

Madam ta ce: "Mushe Idi, ina sauran?" (Mushe na Faransanci, wato Malam.)

"Rago..." na ce.

Na ga aikina yana ɗaure kayansa. Sai shugabar matan, Inna Tsahara, ta share hawayen dariya ta ce: "Ɗiyata, kar ki kore shi. Ko ni haka zan yi, hannun manomi ne. Kwana nawa abin ke yi? Mu koma, mu dawo. Kai kuma ɗana, ka ga na buhun nan da ka ba ruwa ta ƙasa? Shi ya fi ƙwari, da shi za ka fara."

Madam ta ƙara mani kwana goma, na yi shekara shida a wurin. Allah ya saka wa Inna Tsahara, 'ya'yana sun ci tuwo albarkacinta. Tun ranar, in mai bayani ya buɗe baki, nakan rufe nawa har sai ya ce ya gama, sannan in tambaya: wane ɓangare ake ci?