Jan Alƙalamin Kapembwa

"Kin kwana lafiya, ko ɓerayen da kika ci jiya sun tsaya miki a ciki?"

"Lafiya lau, mai cin biri. Ina littafin?"

A barandar Kapembwa Chishimba muke, a Ndola, ranar Laraba, ƙarfe tara da kwata. Aji ɗaya muka yi da shi a makarantar mishan, inda Fada ya koya mana kada rubutu ya bar hannunmu sai ya kammala. Ni na warke, shi bai warke ba. Shekara talatin da ɗaya yana editan mujalla yana gyara waƙoƙin mutane, nasa kuwa littafi ɗaya tak ya fitar, tun yana saurayi. Na biyun sau huɗu yana karɓo shi daga maɗaba'a don ya ƙara gyara. Mai maɗaba'ar ya ce in bai dawo ranar Juma'a ba, kada ya sake kawowa.

Mai tambayar littafin Tisiyenji Jere ce, wadda ta buga masa komai a tafireta tun a ofishin mujalla. Ita 'yar ƙabilar Ngoni, shi ɗan Bemba, wato abokan wasa: abin da ta faɗa ba ya fushi, abin da ta ɗauka a gidansa ya zama nata.

"Saura kaɗan," in ji shi.

"Haka ka ce lokacin da kake da haƙora."

"Me kika sani game da waƙa? Kakanninki da mashi suka zo ƙasar nan, shanun mutane kawai suka iya karantawa."

"Naka suna kan bishiya suna leƙen mu. Sau tara na buga littafin nan. Yatsuna sun haddace shi, kai ne ka manta."

"Da yatsu biyu kike bugawa, kamar kaza tana tsintar masara."

"Kazar ce ta ciyar da mujallarka."

Sai ya shafa takardun da ke cinyarsa.

"Waƙar Bana Mutale ce ba ta yi ba," ya ce a hankali. Matarsa ke nan, shekara uku da rasuwa.

"Ni na shafa maka gari a ka ranar jana'izarta, kamar yadda abokan wasa ke yi, har ka yi dariya. Shekara arba'in baiwar Allah tana dafa maka shayi kana gyara mata sukari. Ta huta, yanzu kuma ka bi ta da jan alƙalami?"

Kafin ya amsa ta miƙa hannu ta zare alƙalamin daga aljihun rigarsa, ta cusa a ɗankwalinta.

"Ke! Fada ne ya ba ni shi, shekarar samun 'yancin kai!"

"Yau ya samu nasa 'yancin. Na ɗauka. Kai ƙara wurin birai."

Ya juyo gare ni. Na ce masa ni ɗan Tonga ne, ba ruwana.

Ya dubi takardun ya daɗe, sannan ya fashe da dariya ya miƙa mata su don ta mayar maɗaba'a. Ta kai bakin ƙofa ya kira ta, ya laluba aljihu.

"Ungo murfinsa, kada ya bushe. Ku ba ku san kula da kayan sata ba."