Rasuwar Lalu, Taragon Shayin Gidan Bagchi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ta ƙi yin sanyi, Ƙungiyar Masu Ƙananan Jiragen Ƙasa na Wasa ta Kharagpur ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Lalu, rufaffen taragon kaya mai lamba 4417. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakin baya na maigidansa, Prodyut Bagchi, tsohon akawun lodin kaya na tasha. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba.

Bagchi-babu, kamar yadda muke kiransa don girmamawa, da hannunsa ya sassaƙa marigayin daga katakon akwatin shayi, ya shafa masa jan fenti, ya yi masa 'yar ƙofa mai rufewa ruf. Tun daga ranar, a sanin kowa, Lalu bai taɓa ɗaukar komai ba sai shayi: 'yan buhuna arba'in, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa, da ganyen gaske a ciki. Bai taɓa sauka daga layi ba, bai taɓa sakin ɗan'uwansa a kwana ba. Duk wanda ya zauna a ɗakin nan zai tuna muryarsa a kan gada, ƙarat-ƙat, ƙarat-ƙat, da ɗan "ciii" ɗin da yake yi idan ya iso kwanar taga.

Marigayin ya samu tarbiyya, don maigidansa ba ya wasa da maganar lodi. Shayi da hatsi da takarda, sai rufaffen tarago busasshe. Kwal da tsakuwa, buɗaɗɗe. Taragon da ya taɓa ɗaukar ƙiraga ko busasshen kifi kuwa, shi da shayi har abada, don shayi kwashe wari yake yi. Shekara uku da suka wuce, a baje kolin ƙungiya, Dakta Sanyal likitan haƙori ya jera buhunan siminti a taragon dabbobi mai ramuka. Bagchi-babu ya tsaya a tsakiyar jama'a ya ce, "Haba Dakta! In ruwa ya sauko a hanya, siminti za ka sauke ko dutse? Koma kan haƙoranka." Dakta bai manta ba. Mu ma ba mu manta ba, don babu wanda bai sha tasa ba a cikinmu.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. A watan Afrilu Bagchi-babu da uwargidansa Mitali, wadda duk muke kira Boudi, suka tafi Durgapur wajen 'yarsu, mako uku ɗaki a kulle, gari kamar tanda. Da suka dawo sai ga kiyashi sun yi layi tun daga taga, sun bi dogo tiryan-tiryan, ba su tsaya a kowace tasha ba sai ƙofar Lalu. Cikinsa ya kumbura, gam ya saki, wani abu baƙi-baƙi yana ɗiga tsakanin ƙafafunsa. Aka kunna wuta, kan jirgi ya ja, Lalu ya ce "ƙat" sau ɗaya, ya yi shiru.

Ƙaddara ta sa Dakta Sanyal ne ya zo duba shi, don shi ke da hantsaki mai siririn baki. Ya ja ƙofa, ya leƙa, ya dangwala, ya lasa. Ko buhun shayi ɗaya babu. Mazarƙwailar dabino ce curi guda, ta narke ta shiga kowace kafa.

Mazarƙwaila, jama'a! A taragon shayi! A gidan mutumin da ciwon suga ya raba da zaƙi shekara shida, wanda ko shinkafa sai Boudi ta auna masa da ludayi!

"Yaya," in ji Dakta, a hankali don daɗin ya daɗe a bakinsa, "wannan kaya, a wane tarago doka ta ce a sa shi?"

Bagchi-babu ya ce, "Ai rufaffe ne... in dai ba a zafi."

Boudi tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. "Wato shi ya sa kullum bayan abinci sai ka je duba sigina," in ji ta. Ta kulle ɗakin, ta ɗaure mabuɗi a bakin zanenta na sari.

Bagchi-babu ya yi kuka ranar, kuma a yi masa adalci, ba kukan kunya kaɗai ba ne. Yana ƙaunar taragon nan, ya kuma san shi ya kashe shi da hannun da ya sassaƙa shi.

Marigayin ya bar kan jirgi ɗaya mai fama da tari, da taragon gadi, da buɗaɗɗu shida na kwal, da tankin mai. Ya kuma bar ƙannensa rufaffu guda biyar, waɗanda har yanzu babu wanda ya leƙa cikinsu, kuma ko an ambace su sai maigidan ya share zufa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi a gidan mamaci. Za a cire masa ƙafafu, a ajiye shi gefen layi bayan tashar kaya ya zama ɗakin ajiyar fitilu, kamar yadda ake yi wa manyansa na gaske. Za a raba shayi, babu suga. Da ƙarfe huɗu daidai Boudi za ta buɗe ƙofofin ƙannen nan biyar ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, domin, a cewarta, a tabbatar cutar ba ta yaɗu ba.

Amma ta yarda a buɗe ɗakin tun uku da rabi don bankwana da gawa, lokacin tana kan murhu. Bagchi-babu na roƙon duk wanda ya taɓa cin abincin gidansa ya yafe masa maganganun baya, ya zo a wannan lokaci, da riga mai manyan aljihuna, babu komai a ciki, don a rage wa ƙannen nan kaya kafin huɗu. Kada a bar wannan takarda inda Boudi za ta gani. Dakta Sanyal kuwa an gaya masa ƙarfe biyar ne.