Ruwan Bula a Motar Na-Sani

"Wannan motar," in ji Na-Sani, yana shafa bonet kamar wuyan doki, "sai jikokina sun gaji da ita. Ta fi likita ilimi. Tun kafin ciwo ya kama ta take faɗa maka."

Kar ka ce sunan yanka ne. Laƙabi ne da ya saya da bakinsa, don ko gaisuwa ka fara yi masa, kafin ka kai ƙarshe ya ce "na sani". Ranar da ya sayo sabuwar a-kori-kurar nan mai shan dizal, dillali ya nuna masa wani ɗan murfi shuɗi kusa da bakin tanki, ya fara bayani, gogan naka ya ce na sani, ya ja mota ya bar shi da baki buɗe.

Duk wannan cika bakin kuwa da surukinsa yake. Tsohon yana da wata a-kori-kura da ake kira Gyatuma, wadda ta girmi 'yarsa, matar Na-Sani. Ƙofarta da waya ake ɗaure ta, sai an tura take tashi, lagiretonta kuma kullum cikin ƙishi.

"Baba, ai wannan ba mota ba ce, raƙumi ne," in ji Na-Sani. "Ku huta. Daga yau ni zan riƙa kai ƙanƙarar."

Matar tasa sana'ar ƙanƙara take yi, kuma da ƙyar ta samo cinikin masu kifi na babbar kasuwa. Sharaɗinsu ɗaya: kaya su iso kafin rana ta take, in ba haka ba su koma wa wani.

"Maigida, da ka bar Baba ya kai," ta ce. "Fitilar nan ta dashbod ta kwana biyu tana ƙiftawa."

"Na sani. Na yi maganinta."

Ya yi kuwa. Baƙin salatif ya manna a kai.

Aka shimfiɗa tamfol, aka jera ƙanƙara, ya ɗauki hanya yana latsa ham ko ba kowa a gaba. Bai yi nisa ba motar ta fara ƙara, ɗit, ɗit, wani rubutu ya fito da hoton murfin nan shuɗi. Ruwa ne na musamman take nema, mai wanke hayaƙi, wanda ake sayarwa a jarka. Na-Sani ya tsaya gaban wani kanti, ya yi dogon tunani irin na masana. Murfi shuɗi, to ruwa shuɗi ke nan.

"Ba ni bular wanki," ya ce wa mai kanti.

"Ta farin kaya?"

"Ta mota. Ba za ka gane ba."

Ya dama bula a bokiti, ya ɗura mata, har da buga bonet yana cewa ta sha ta ƙoshi. Motar kuwa, da yake mai ilimi ce, ta ɗanɗana ta gane an raina mata hankali. Ta kunna duk fitilun da Allah ya ba ta, ya yi ta manna salatif har ya ƙare, sannan ta ɗaure ƙafa. Yana taka totur har ƙasa, ita tana tafiyar hawainiya. Mai keke ya wuce shi. Mai kura ya wuce shi. Wata tsohuwa mai sanda ta jera da shi, ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu, ɗan nan, ko in rage maka kaya?"

Rana ta take. A baya kuwa ƙanƙara na ta kuka, tsul, tsul. Da ya kashe motar don ta huce, ta ƙi tashi gaba ɗaya. Nan gumi ya karyo masa na gaske, don ya tuna dararen da matarsa ta yi tana gadin injin sanyi. Ya kira matar a waya, murya kamar ta ɗan tsako.

Can sai ga hayaƙi, sai ga tari, sai ga Gyatuma. Tsohon ya sauko, ya ɗaura igiya ya ja sabuwar mota kamar akuya, har bakin kasuwa, mutane na nunawa.

Masu kifi sun riga sun sayi ta wani. Matar, wadda ta biyo mahaifinta a Gyatuma, ta ɗaga tamfol, ta ga tafki yana ƙyalli, ɗan guntun ƙanƙara ɗaya na iyo a ciki.

"Ka san abin da ka ja mini?" ta ce, idonta jawur.

Ya buɗe baki. A karon farko a rayuwarsa, kalmar "na sani" ta ƙi fita.

Gyatuma kuwa ta sha wahalar ja, tana ta huci. Tsohon ya jira ta huce, ya ɗebo ruwan ƙanƙarar a bokiti daga bayan motar surukinsa, ya cika lagireto, ya ƙara wani a jarka don hanya.

"Kar ka sayar da ita, ɗana," ya ce, yana shafa sabon bonet ɗin. "Tunda nake da Gyatuma ban taɓa samo mata randa mai kyau irin wannan ba."